Shekarar da Baba Ya Rataye Gangarsa

Na san abin da ake faɗa muku a kaina, ba sai kun ɓoye ba. Tun kuna ƙanana yaran unguwarmu ta Ƙaura ke tsokanarku da 'ya'yan Malam Maroƙi, ku dawo gida fuska a murtuke, uwarku ta ce ku yi banza da su, ni kuma in yi kamar ban ji ba. Har yau akwai masu cewa da ban zubar da girmana a bakin hanyar Gurbin Bore ba, da tuni ina cikin manyan jihar nan, da mota da direba. Wataƙila gaskiyarsu ce. Sai dai masu ba da labarin babu wanda ya je gonar a cikinsu, ni ne na je. Saboda haka ku ji shi daga bakin mai shi tun ina da sauran haƙoran faɗa.

Kakanku Labbo makaɗin noma ne. Na faɗa a fili, na kuma rubuta, don na yi shekaru ina kewaye wannan maganar. A ƙauyenmu da ke gabas da Zurmi, idan damina ta kankama lokacin huɗa ya yi, ba mutum ɗaya ke fama da gonarsa ba. Gayya ake kira, magidanta da samari su taru da galmominsu, su jeru kowa da kuyyarsa, wato layin da zai huɗe, a huɗe gonar mutum ɗaya kafin azahar. Baba ne ke bin bayansu da ganga a rataye. Kowane manomi da ya amsa sunansa yana da takensa, wato 'yan kalmomi kaɗan da aka shirya masa shi kaɗai, ganga ta faɗe su da bugu, makaɗi ya faɗe su da baki. Mutum ya gaji har gwiwarsa na rawa, da ya ji takensa sai ka ga bayansa ya miƙe. Idan mai take ya rasu, takensa ba ya binsa kabari. Ana ci gaba da kiransa a gayya, ɗansa ko jikansa ya ɗaga galma sama ya amsa. Baba ya gaji taken mutanen da shi kansa bai tarar da su a raye ba, ya ƙara da na zamaninsa, duk suna cikin kansa, ko harafi ɗaya bai taɓa rubutawa ba.

Mutum ne mai wuyar sha'ani a sana'arsa. Ba ya yi wa kowa take sai ya kalli nomansa damina guda cur. Ya kan ce sunaye ma kamar ƙasa suke, akwai jiƙaƙƙe mai nauyi, akwai busasshe da sai an nemo masa abin da zai riƙe shi. Sai ya yi kwanaki yana juya sunan mutum a baki, yana tafiya yana gunaguni, har mata su ce Labbo ya fara zance shi kaɗai. Kuma ba ya sa wa mutum abin da babu shi a jikinsa. Wani attajirin hatsi da 'yan ƙwadago ke yi wa noma ya taɓa aiko masa da riga mai aiki don a yi masa take. Baba ya ninke rigar ya mayar, ya ce a gaya masa ganga ba ta san shi ba.

Ni ne ɗansa na fari, kun kuwa san yadda mutanenmu suke da ɗan fari. Mutumin da ke kiran sunan kowa a garin nan, rayayye da matacce, bai taɓa kiran nawa ba. Garba dai ba ya fita daga bakinsa. Ina yaro "wancan" nake, ko "ɗan Ige", saboda ƙanwarsa Gwaggo Ige ce ta riƙe ni a cikin gidan. Ko magana zai yi mini, ita yake kallo ya faɗa, ni kuma in tsinta. Da aka zo neman yaran da za a kai makarantar boko, masu gari suka ɓoye nasu, aka ce a ba da ɗan makaɗi. Haka aka ɗora ni a kan jaki zuwa Zurmi ina kuka, Baba yana gyaran tsarkiyar ganga, ko ɗaga kai bai yi ba. Na riƙe wannan a zuciya shekaru da yawa, na ɗauka bai damu da ni ba.

Boko ya karɓe ni. Na haɗa da karatun allo da na littattafai a wurin malaman zaure, na zama malamin firamare a Ƙaura Namoda, na koma Malam Abubakar, mai guga a riga da biro biyu a aljihu. Duk wanda ya tambayi sana'ar mahaifina sai in ce manomi ne. Ba ƙarya na yi ba, yana da gona, amma ni na san rabin da na haɗiye. Haka na faɗa a Shinkafi da na je neman auren uwarku Sa'adatu, 'yar Malam Isiyaku, gidan da tun kakanni ba a san su da komai ba sai karantarwa da alƙalanci. Ranar ɗaurin aure na shirya yadda ƙanen mahaifiyata zai karɓa mini, Baba ya zauna a gida. Ya aiko da damin gero biyu.

Da aka ba mu jiharmu, abokan aikina da yawa suka bar alli suka koma ofis a Gusau. Ni na tsaya ina jiran nawa rabon. Sai ga shekarar shari'a. Kada wani ya ce muku ubanku ɗan adawa da ita ne. Ranar babban taron Gusau ina can tun safe, na yi kabbara har muryata ta dushe, kuma har gobe ina alfahari da na ga wannan rana da idona. Bayan nan aka shiga kafa kwamitoci, ana neman masu boko da suka san littafi. Surukina ya kai sunana a matsayin sakataren wani kwamiti a ƙaramar hukuma, kowa kuwa ya san daga irin wannan kujera Gusau ake wucewa. Aka ce in jira kira a cikin damina. Har babbar riga na ba da ɗinki.

A wannan shekarar ce Baba ya rataye gangarsa. Ba wanda ya zo ya ƙwace, ba wanda ya zage shi. An hana kaɗe-kaɗe a taruka, limamin garinmu, wanda tare suka yi wasan ƙasa, ya same shi a zaure suka yi magana ta fahimta. Baba ya ce idan an ce Allah ba ya so, shi wane ne da zai so. Ya shafe gangar da mai, ya rataye ta a ƙaho a cikin ɗakinsa. Da labarin ya iske ni a Ƙaura, wallahi daɗi na ji, na ce an sauke mini kaya. Ban yi wata biyu da jin wannan daɗin ba Gwaggo ta aiko cewa tari ya kama shi, ya daina fita.

Na je ranar Asabar a kan babur ɗina. Na tarar ya rame, yana kwance yana kallon gangar. Na fara yi masa irin ta malamai, cewa ya yi haƙuri, abin da ya bari don Allah ba zai taɓe ba. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya kalli Gwaggo.

"Ige, ce ma Malam ba ganga nika tausai ba, hwata ta da icce. Mutanen da ac cikinta nika tausai. In na tahi, wa ka kiran su?"

Malamin makaranta ba ya rasa dabara, sai na ce zan rubuta su duka a littafi, ba wanda zai ɓace. Asabar ta gaba na zo da sabon littafi mai layi. Gwaggo ta kifa masa ƙwarya a gefen gado, tunda ganga ta haramta, ya riƙa ƙwanƙwasa ta da yatsu yana faɗin kalmomin a hankali, ni ina rubutawa. Da na cika shafi uku ya ce in karanta a ji. Na gyara murya na karanta kamar ina karanta sanarwa a gaban 'yan aji. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Gwaggo ma ta juya baya kafaɗunta na rawa. Ya ce takardar ta riƙe maganar amma ta zubar da nauyin. Ya sa aka ɗauko galmarsa, ya ce in fita tsakar gida in sara ƙasa ina faɗi.

"Inda galma ka hwaɗuwa, nan suna ka hwaɗuwa," in ji shi. "Inda taka tashi, nan aka jan numfashi. In ba haka ba, karatu kakai, ba kira ba."

Ni da na shekara ashirin ban riƙe abin da ya fi alli nauyi ba, ga ni a tsakar gida da rigar shadda ina saran ƙasa, kaji na gudu, matan maƙwabta na leƙe ta kan danga. Da farko haushi ya cika ni. Amma a sara na goma ko fiye, wani abu ya faru da ban yi tsammani ba. Taken wani mutum ne Jimma, wanda ya rasu tun kafin a haife ni. Da sunan ya faɗi daidai da bakin galma, sai na ji kamar mutumin ya tsaya a gabana, ƙato mai faɗin baya, alhali a takarda kalmomi ne kawai guda goma sha wani abu. A ranar na gane ashe kalma tana da jiki. Ma'anarta tana gaya maka wane ne mutum, amma sautinta ne ke tashe shi tsaye. Na koya wa yara Hausa shekara da shekaru ban san wannan ba, sai a tsakar gidan mutumin da nake jin nauyin a ce ubana ne.

Haka muka yi Asabar biyar. Na cika littafin saura shafi ɗaya, na kuma haddace abin da ke ciki da kafaɗata. Abu ɗaya ne ya gagara. Akwai wani ɗan kiɗa da Baba ke buɗe kowace gayya da shi tun ina yaro, bugu uku a jere, ya ja ɗaya dogo, ya rufe da biyu masu nauyi. Ko a kan ƙwaryar da shi yake farawa. Na tambaye shi na wane ne, ya ce in bar wannan, ba a rubuta shi. Na sake tambaya wata Asabar, ya juya fuska bango. Na ɗauka ɗumin hannu ne kawai irin na makaɗa, na ƙyale.

A Ƙaura uwarku ta ga kantar da ta fito mini a tafin hannu, na gaya mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, kun san halinta. Ta ce in yi wa mahaifina duk abin da zai faranta masa a cikin gida, amma in tuna mahaifinta ya sa fuskarsa a maganar kujerar nan, kuma idanu na kaina. Na ce ai a tsakar gida ne, ba wanda zai ji. A makon ne takardar kira ta zo, aka ce in bayyana ranar Laraba.

Asabar ɗin da ta gabaci Larabar na isa ƙauye da hantsi na tarar gidan ba kowa. Ashe Sarkin Noma Barmo, ɗan Jimma ɗin nan da na ambata, ya kira gayya a gonar Baba. Gero ya kai gwiwa ba a huɗe ba, ciyawa na neman cinye shi, Barmo ya ce mutumin da ya bi bayan kowa shekara arba'in ba za a bar gonarsa ta mutu yana kallo ba. Gonar kuwa tana bakin hanyar da ta tashi daga Zurmi zuwa Gurbin Bore, motocin kasuwa na wucewa a hankali saboda taɓo. An ɗauko Baba a amalanke an jingina shi da gindin kanya, Gwaggo na zaune kusa da shi da butar ruwa.

Mutane sun zo da yawa, amma ban taɓa ganin gayya mai sanyin wannan ba. Ba a jin komai sai ƙarar ƙarfe da ƙasa. Layi ya karkace, wannan ya yi gaba, wancan ya tsaya yana gyara ƙota, samari na hira. Rana ta ɗaga ba a ci sulusin gonar ba. Barmo, tsoho ne a lokacin, ya daina noma da kansa sai dai ya tsaya da sanda, ya zo ya durƙusa gaban Baba.

"Labbo, ganga an hana, mun ji mun bi. Baki hwa? Ko da baki na, kira muna su."

Baba ya gyara zama, ya buɗe baki. Sunan farko ya fito rabi, tari ya tare sauran. Ya sake gwadawa, sai iska. Na ga leɓɓansa na motsi, yatsunsa na bugun cinyarsa, ba sauti. Bai kalle ni ba. Ko ta bakin Gwaggo bai aiko mini da saƙo ba, kuma na tabbata da zai mutu a wurin ba zai roƙe ni ba. Da ya roƙa ma da ya fi mini sauƙi, don da na sami abin da zan yi gardama da shi.

Ina so ku san ban yi abin da na yi cikin rashin sani ba, kuma ba aljani ne ya buge ni ba kamar yadda wasu suka ce. Na kalli hanya, na ga wata akori-kura cike da mutanen Ƙaura ta maƙale a taɓo, fasinjoji sun sauko suna kallonmu, har na gane mutum biyu. Na tuna Laraba, na tuna babbar rigar da ke wurin tela, na tuna fuskar Malam Isiyaku. Duk na auna su ɗaya bayan ɗaya. Sannan na cire hulata da agogona na miƙa wa Gwaggo, na tuɓe riga, na ɗauki galmar Baba daga cikin amalanke, na shiga kuyyar da ba kowa a tsakiyar layi.

Na fara da ɗan kiɗan nan na buɗewa, tunda ba shi da magana sai na buga shi da tafin hannu a kan ƙota. Sannan na ɗaga galma na kira da iyakar muryata:

"Jimma mai faɗin baya, sare ka juya, rana ta gaji ba ka gaji ba."

Na sara na sake kira. Sai na ga Barmo ya jefar da sandarsa, ya fizge galma daga hannun wani saurayi, ya ɗaga ta sama da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Tsohon nan ya shiga kuyya ya kama huɗa kamar ɗan shekara talatin. Daga nan ban ƙara sanin kaina ba. Na kira na Tanko gurgu wanda ya fi masu ƙafa biyu sauri, jikokinsa uku suka amsa tare. Na kira na rayayyu, kowa ya ji nasa ya yi gaba. Layi ya miƙe kamar an ja igiya. Tafin hannuna ya fashe, jini ya ɓata ƙota, muryata ta koma kamar ta tsohon zakara, ban tsaya ba sai da na kira duk wanda ke cikin littafin nan, kuma ba take ɗaya da ya faɗi ƙasa babu mai amsawa. Kafin a kira azahar an huɗe gonar har gefen hanya. Wasu daga cikin fasinjojin motar ma sun karɓi galma sun taya.

Na dawo gindin kanya ina haki, ina jiran in ji abin da Baba zai ce. Ya kalli Gwaggo ya ce ta dafa ruwan bagaruwa ta gasa wa Malam hannu. Iyakar abin da na samu ke nan a ranar.

Labari ya riga ni isa Ƙaura, kuma kafin ya isa ya yi ƙiba. An ce an ga Malam Abubakar tsirara da ganga a wuya yana roƙo a bakin hanya. Ranar Laraba na sa babbar rigata na je, na zauna a benci tun safe har la'asar, wani ma'aikaci ya fito ya ce sunana ba ya cikin takarda, wataƙila kuskure aka yi wajen aiko mini. Ban yi musu ba. A makaranta yara suka fara bina da Malam Maroƙi, wasu abokai suka daina tsayawa mu gaisa. Ba zan ce muku abin bai yi mini ciwo ba. Ya yi, har na yi kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Uwarku ta sha gori a gidajen biki fiye da yadda ta taɓa gaya mini, kuma ko sau ɗaya ba ta ce ai na faɗa maka ba.

Ranar Alhamis Malam Isiyaku ya aiko in same shi a Shinkafi. Na ratsa cinkoson kasuwa na iske shi a zaure. Ya sallami ɗalibansa, ya rufe littafi, ya yi mini tambaya uku. Na buga ganga? Na ce a'a. Na karɓi wani abu a hannun wani? Na ce a'a. Na faɗi abin da babu shi a kan wani, rayayye ko matacce? Na ce mahaifina ba ya shirya irin wannan. Ya ce to shi bai ga inda littafi ya kama ni ba, amma kujera ta tafi, kuma ba zai sake kai sunana ko'ina ba, don mutane ba za su saurara ba. Na ce na gode, na yunƙura zan tashi, ya ce in zauna.

"Abubakar, kana zaton muna ba da ɗiya ba mu yi bincike ba? Tun kahin a sa rana na san ɗan wa kake. Shekara goma sha biyu ina jiran ka hwaɗi da bakinka. Abin da yab ɓata min rai ke nan, ba na gona ba."

Kunyar da na ji a zauren nan ta fi ta bencin Laraba nesa ba kusa ba. Da zan tafi ya ba ni zuma a kwalba ya ce in kai wa mahaifina, in ce surukinsa na gaishe shi, kuma yana nan tafe. Ya kuwa je bayan kwana goma, suka zauna a tabarma ɗaya.

Asabar na kai zumar. Baba ya ƙara rauni, amma idonsa tar. Gwaggo ta riga ta gaya masa maganar kujera. Na zauna a bakin ƙofa inda na saba, ina jiran ya kalle ta ya ba ta saƙo. Sai ya ce ta fita ta ba mu wuri. Tunda nake ban taɓa zama daga ni sai shi a ɗaki ba. Ya jawo ƙwaryar, ya buga ɗan kiɗan nan na buɗewa, uku a jere, ɗaya dogo, biyu masu nauyi. Ya sake bugawa. A na ukun ya ɗago ya kalle ni cikin ido, ya faɗi maganar tare da bugun:

"Garba na Labbo, ko an kai ka nesa, kana gane gida."

Shekarata arba'in da 'yan kai, ranar na fara jin sunana a bakin ubana.

"Ranar da anka tahi da kai makaranta niy yi shi," in ji shi. "Ban san ko gaskiya na ba, shi as sa ban hwaɗi ba, nib bar ganga ta yi ta hwaɗi. Yanzu na sani. Rubuta."

Ashe duk gayyar da aka yi a ƙasar nan shekara talatin da wani abu, da sunana ake buɗe ta, ni ina can Ƙaura ina cewa ɗan manomi ne ni. Na buɗe littafin, hannuna a naɗe da tsumma, na rubuta shi a shafin ƙarshe. Rubutun ya karkace, za ku gani, kada wanda ya gyara shi. Baba ya rasu kafin a yanke geron nan, Allah Ya gafarta masa. Geron kuwa ya yi kyau, da shi aka yi sadakar bakwai.

Na yi ritaya ina malamin firamare, ban taɓa hawa kujerar da ta fi ta aji ba. Duk damina, muddin ana gayya a garinmu, sai an aiko mini na je na kira, da baki, kuma ban taɓa barin wani ya sa mini hannu a aljihu ba. Yanzu hanyar ta yi wuyar bi, gonakin da yawa sun koma daji, mutanen sun watsu, wasu suna nan Ƙaura a gidajen haya. Wani lokaci jikan wani ya kan yi sallama a ƙofar gidan nan ya ce an gaya masa ina da taken kakansa, in fito tsakar gida da galma in kira masa, ya tafi yana share ido. Idan wannan ne roƙo, to ku amsa sunan 'ya'yan Malam Maroƙi da kai a sama.

Littafin yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, galmar tana bayan ƙofa. Kada ku karanta shi a zaune, ba zai yi muku magana ba. Kun kuma sha yi mini dariya cewa ba na iya zama ban ƙwanƙwasa tebur ba, uku a jere, ɗaya dogo, biyu masu nauyi, har uwarku ta kan ce in bar mata kwanonta ya huta. To yanzu kun san abin da nake ji. Ranar da aka ce babu ni, ɗayanku ya buga shi ya faɗi maganar da ƙarfi, sauran ku ɗaga hannu ku amsa.